Makullin Akwatin Marigayi

Litinin, 3 ga Maris
Jikata ta ari littafi ɗaya daga akwatin babanta marigayi. Wai malaminsu na jami'a ya ce su taƙaita shi kafin jarrabawa. Mutum ya zauna ya cika littafi mai kaurin bulo, yara su mayar da shi shafi biyu. Don ban yi boko ba shi ne ba za a tambaye ni ba.

Laraba, 5
Na leƙa littafin. Duk gefensa zanen fensir, ga layuka ƙarƙashin rubutu kamar kaza ta yi tono! Littafin da tun rasuwarsa ko buɗewa ban yi ba don kar ya yage. Na ƙwace, na kulle. Ta ce, "Haba Tsoho, haka ake karatu." Na ce to a yi shi a gidan wani.

Alhamis, 6
Uwarta ta zo ban baki. Wai in yarinya ta faɗi sai ta maimaita shekara. Ta maimaita. Makulli na aljihuna.

Asabar, 8
Na sayi magogin fensir. Tun hantsi nake gogewa har wuyana ya ƙage. Rabi ya yi fes. Ba wanda zai gode mini, na sani.

Lahadi, 9
Na nuna mata don ta ga yadda ake riƙon kaya. Ta yi ta juya shafi. Can ta ce, "Kaka, nawa a takarda daban nake yi. Wannan hannun Baba ne."
Kaka ta kira ni, ba Tsoho ba.
Wa ya gaya mini? Ni da na koyi baƙi da furfura, Turancin ma ba na ji, ina zan bambance hannu? Shi ma da rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi.

Litinin, 10
Ban ci abinci ba. Ciki ne.

Talata, 11
Ta zauna bakin gadona ta karanta mini rabin da ya saura. Wani wuri marigayi ya ja layi ya rubuta, "Ƙarya ne, ban yarda ba." Ta ce, "Ka ji gado, Tsoho." Rashin kunya.
Makullin yana huda mini aljihu, shi ya sa na bar shi kan akwati. Fensirin da na ajiye gefensa kuwa na fiƙe shi ne kawai don na gwada wuƙa.