Takardar da Na Rufe da Zanenki

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, kamar yadda kika koya mini buɗe wasiƙa. Layin tambayar lafiya na tsallake shi. Shekara uku ke nan da ni da ke muka san amsar.

Ina rubuto miki ne daga wani gida a Tudun Wada, bayan layin masu walda. Mu tara muka keɓe kanmu na mako guda muna koyon haɗa hoto da tarkace: yadi, takarda, jar ƙasa, gam, fenti. Mai koyar da mu Anti Rifkatu ce, tsohuwar malamar makaranta, irin waɗanda ke yi wa mutum dariya ya kasa jin haushi.

Saƙon gayyata ya ce kowa ya zo da tsohon zane. Sauran suka zo da zanen fensir da na fenti. 'Yarki mai digiri biyu ta zo da zanen ɗaurawa. Naki, atamfar nan mai ruwan goro. Anti Rifkatu ta ɗaga shi sama ta ce, "Hadiza, duk bokon nan, Hausa ce ta kayar da ke? To, tunda kin kawo, sai ki yanka."

Kin san zanen. Shi kike ɗaurawa a ƙirji a tsakar gidanmu na Gyallesu, kullum kina ƙara jan shi sama. Idan na tambayi abin da ya sami hagun ƙirjinki, sai ki ce, "Maruru ne, Dije. Allah dai ya rufa asiri." Asiri kuwa ya rufu, shekara biyu. Ranar da likita ya buɗe, addu'a kawai ta rage.

Inna, wata biyu da suka wuce na taɓa wani abu a nawa. Hagu ne shi ma, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Likita ta ba ni takarda in je a ɗebi ɗan nama a gwada. Na ninke ta, na rubuta sunana a wannan bita. Ban gaya wa mijina ba, ban gaya wa Yaya Binta ba.

Ran Talata aka koya mana shimfiɗa abu kan abu. Na fara manne takardar a kan allo. Na yanka zanenki na rufe ta, na shafe da jar ƙasa da gam, na bi da farin fenti. Ya yi kyau. Har tafi aka yi mini. Ni ce fa wadda ta sha rubutawa a shafinta na intanet cewa tsoron asibiti ne ya cinye matan zamaninku.

Yau da safe Anti Rifkatu ta raba mana reza. Ta ce, "Yau kankarewa. Wanda ya rufe bai tono ba, filasta ya yi, sai ya nemi aiki wajen magina."

Na fara kankarewa. Farin ya tafi, jar ƙasar ta zube, ga zanenki, ga rubutun likita. Anti Rifkatu ta karanta ta bayan kafaɗata. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta karɓi rezar ta yanko takardar, da guntun atamfarki manne a jiki. Ta ce, "Ranar da aka ba ki ta wuce. Ɗauko mayafinki, tare za mu je."

Tsoro nake ji, Inna. Na daɗe ina jin haushinki a ɓoye, ina cewa da kin yi magana da wuri. Yanzu na san nauyin maganar. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa kina cikin rahama. Ni kuma ya ba ni ƙarfin jin abin da za a gaya mini.

Keke ya iso. Anti Rifkatu ta ja ƙofar ɗakin aiki ta rufe, tana kirana daga zaure. Na tafi.

Taki,
Dije