Gambar da Ta Yi Tafiya

Lajawa, ranar Laraba

Zuwa ga jikata Radiyya, a Sabon Gari, Wudil.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ki, ina gaida gwaggonki Juwairiyya da yaranta. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ba baƙuwa ba ce.

Nu'uman direba ya kawo mini takardarki. Na ji daɗi da kika rubuto da ajami, don kin san ba na karanta boko, waya kuma ba zan riƙe ba ko za a yanka ni. Na fahimci kin shiga wani karatu na kyauta a cikin kwamfuta, ban da na kwalejinku, inda ake koya muku yadda ake sa ƙarfe ya yi tunani. Kin ce sunansa ƙirƙirarriyar basira. Ni dai abin da na gane, aku ne. Kina so in zauna in koya wa akun nan noma, don wanda bai yi boko ba ko makaho ya tambaye shi da baki ya ba shi amsa da Hausa.

Amarya, kin yi kuskuren malami. In noma kike so, je wurin ɗan kawuna Maikano. Shi ya iya noman da gona ke girma da kanta. Shekarun da nake tafiya cin rani, duk shekara da ruwan farko, kafin in dawo, sai ya tuge gambar da ke kan iyakarmu ya dasa ta gaba kaɗan, har tsamiyar da mahaifiyata ke shan fura a gindinta ta wayi gari a cikin gonarsa. Na kai ƙara, aka ce gamba ita ce shaida. To gamba tana da baki? Alƙalamin da nake rubuta miki wannan ma daga jikinta na yanko shi, don kada in manta.

Tambaya ɗaya gare ni. Akun nan naki yana mantuwa? In an gaya masa magana, zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi, ko bayan mai maganar ya mutu?

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki, Dalhatu.

*

Sabon Gari, Wudil

Kaka,

Ina kwana, ya ƙarfin jiki, ya gwiwa? Gwaggo tana gaishe ka, ta ce man zafin da ta aiko shafawa ake yi, ba ajiya ba.

Ba ya mantuwa, Kaka. Abin da aka ba shi, shi yake bayarwa, kuma da muryarka mutane za su ji. Shirin nan an yi shi ne don irinmu, 'yan karkara da mata da masu lalurar jiki, waɗanda ba a cika gani a wannan aikin ba. A ƙarshe kowa zai nuna abin da ya haɗa, waɗanda nasu ya yi kyau a tura su koyon aiki. Wannan ce ƙofata, ba ni da wata.

Zan aiko da 'yar na'urar ɗaukar murya ta hannun Nu'uman, tunda ina da jarrabawa ba zan iya zama ba. Jan maɓallin za ka danna ka yi magana. Shuka, taki, tsutsa, ajiyar hatsi. Noma kawai, don Allah. Zancen tsamiya mun haddace shi tun muna goye.

Taka har kullum, ko da ka tsufa ka bar ni,
Radiyya.

*

Lajawa, ranar Lahadi

Zuwa ga Radiyya.

Gaisuwa mai yawa. An yi ruwa, mun yi shuka, alhamdu lillahi.

Ga na'urarki nan, na cika ta. Ban taɓa samun mai saurare irinta ba: ba ta katse ni, ba ta hamma, ba ta ce Kaka ka riga ka faɗa. A gona na yi mata karatun, ina fuskantar gabas, wajen tsamiya. Duk abin da ya kamata manomi ya sani kafin ya kwana da ido biyu a rufe, na gaya mata. Kada ki taɓa mini ko kalma ɗaya. Kin yi mini alkawari a takardar yarjejeniyar da kika aiko na dangwala wa yatsa cewa ba za a sauya maganata ba sai da izinina, kuma ban bayar ba.

Na yi barci mai daɗi a makon nan.

Kakanki, Dalhatu.

*

Sabon Gari, Wudil

Kaka,

Ina gaishe ka, don gaisuwa wajibi ce.

Laifina ne da na saurari farkon kowace magana kawai na ce ta yi. Ranar Juma'a na tara manoman da suka ci kasuwa don gwaji, malamanmu biyu suna kallo ta intanet, ɗaya kuma Bahaushiya ce. Wani ya tambayi yaushe ake yi wa gero taki. Ka amsa tsaf, kowa ya gyaɗa kai. Sai ka ce, taki a gindin shuka ake sa shi ba a kan iyaka ba, don kada Maikano na Lajawa ya kwashe har da ƙasar. Aka tambayi maganin gara. Ka ce gara iri biyu ce, akwai mai cin rumbu, akwai mai hula. Mutane suka yi ta dariya, har wani ya riƙa ƙirƙiro tambaya don ya ji me za ka ce.

Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce ba za a karɓi aikin da ke cin mutuncin mutum da sunansa ba. Na gwada yankewa, amma ka saƙa shi a tsakiyar kowace shawara, in na cire Maikano sai takin ya bi shi. Ko ka sake ɗauka babu zagi, ko in nemi wani dattijon kafin a rufe karɓa.

Kuma Baba Maikano yana wurin. 'Yarsa Khairiyya ce ta jawo shi, don idonsa ya tafi gaba ɗaya, ka sani ko ba ka sani ba. Da aka watse ya tsaya, ya matso da bakinsa kusa da wayata ya tambayi muryarka a hankali yadda ake yi da ciyawar wuta-wuta, wai ta cinye masa dawa bara. Ya sa na maimaita masa amsarka. Daga nan ya ce in kakana ya ƙi, shi zai yi mini.

Ban amsa masa ba tukuna. Amma ba zan zauna in rasa wannan saboda tsamiya ba.

Radiyya.

*

Lajawa, ranar Talata

Zuwa ga Radiyya.

Na amsa gaisuwarki, duk da na ji ta a bushe.

Ban zagi kowa ba. Ki nuna mini ƙarya guda a cikin abin da na faɗa. Kun ce akun nan na waɗanda ba a jin muryarsu ne. To ga ni. Na yi magana gaban mai gari ba a ji ba, na yi a masallaci aka ce in yi haƙuri, na yi a gida kuka ce kun haddace. Rana ɗaya da kasuwa ta saurare ni, sai wata mata daga cikin gilashi ta ce a rufe mini baki.

Idon Maikano kuwa, Allah ya sawwaƙe, amma lokacin da yake tuge gamba ras yake gani.

Ba zan sake ba. Ki gaya wa malamarki haka.

Dalhatu.

*

Lajawa

Zuwa ga ɗan'uwana Dalhatu, daga Maikano. Khairiyya ce ke rubutawa, ni nake faɗa, wani malami zai karanta maka.

Salamu alaikum. Ya iyali, ya damina, ya gwiwa? Na ji muryarka a Wudil, ta tsufa ƙwarai. Na gode da ka sa aka san sunana har a ƙasashen waje.

Na ji ka ƙi taimakon jikarka. Ba komai, ita ma jikata ce. Na aika mata ta zo ranar Asabar da na'urar. A gindin tsamiyata za mu zauna, inuwarta ta yi kyau bana, ka san ta. Daga nan duk manomin da ya ɗaga waya daga Lajawa zuwa Achika, ni zai ji. Jikokinka ma in sun gaji gonarka, ni zan koya musu yadda ake kula da iyaka.

Ka huta lafiya.

*

Lajawa, daren Alhamis bai yi ba tukuna

Radiyya,

Sallama a taƙaice, Nu'uman yana jira da mota a kunne.

Kada ki kuskura ki kai na'urar nan gindin tsamiya. Mutumin da bai san wuta-wuta ba sai ta yi fure, shi zai koya wa Achika noma? Ya ci gonar, yanzu zai ci muryar?

Na zauna na yi tunani a kan abin da kika rubuta, cewa ya matso da baki ya tambaye ni a hankali, har ya ce a maimaita. Tun da aka yi shari'ar nan bai taɓa neman ko allura a wurina ba. Ashe akwai abin da ya fi zagi.

Ki aiko da ita. Zan sake daga farko, sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko gara ma zan ce iri ɗaya ce. Sharaɗina: kowace amsa ta fara da cewa Dalhatu na Lajawa ne ke magana. Kuma in da hali, ki gyara akun yadda ba zai amsa ba sai mutum ya ce don Allah Malam Dalhatu.

Waccan ta farkon kada ki goge. Ba ta karatunku ba ce, tawa ce. Ki sa mini ita a memori, akwai rediyon da ke cin memori a gidan nan.

Kakanki.

*

Sabon Gari, Wudil

Kaka, mijina na kaina,

Barka da war haka. Na saurari sabuwar daga farko har ƙarshe, da kunne biyu. Akwai wurin da ka yi dogon tari bayan ka ambaci iyaka, na bar shi, tari ba zagi ba ne.

An karɓa. Sunana yana cikin waɗanda za a tura koyon aiki. Malamar ta ce a gaishe ka. Sunanka yana farkon kowace amsa. Don Allah Malam Dalhatu kuwa ba zai yiwu ba, kowa ake amsa wa daidai, ko ya roƙa ko bai roƙa ba. Khairiyya ta zo na sa mata shi a wayarta.

Ga memori nan a cikin takarda. Ka ji tsoron Allah da shi.

Taka, Radiyya.

*

Lajawa, ranar Litinin

Zuwa ga Radiyya.

Ina taya ki murna, Allah ya sa albarka a aikin. Ki gaida Juwairiyya, man ya ƙare.

Jiya da hantsi na bi ta iyaka da rediyona a hammata, niyyata in kunna wa Maikano waccan ta farkon. Sai na tarar da shi zaune a gindin tsamiyar, waya a kunne. Na ji kaina daga cikin wayar ina cewa a tuge wuta-wuta kafin ta zuba iri, a tara a ƙone, baɗi a shuka gyaɗa a wurin. Ya ɗaga murya ya gaya wa 'ya'yansa, suka duƙa suna tugewa. Ya ce a sake kunnawa, na sake ba shi umarni, a cikin gonar tawa.

Ban kunna rediyon ba, na ajiye shi sai ranar da ya daina jin magana. Ban kuma yi masa sallama ba. Ya riga ya ji muryata.

Kakanki, Dalhatu.