Ƙyallen da Kuka Sa Aka Kwance Daga Ƙafar Haruna

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Shirya Gasar Ƙwallon Ƙauyuka, Birnin Gwari.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne tsohon malamin asibitin da ke naɗe wa 'yan ƙwallon Kutemeshi idon sawu kafin su shiga fili. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Na ɗaya. Ƙungiyarmu ba ta da kuɗin filasta. Naɗi guda na filasta ba ya wuce ƙafa uku, ni kuwa ƙafa ashirin da biyu nake kallo. Don haka tsofaffin zannuwan matanmu nake tsagawa faɗin yatsa uku, in dafa su, in shanya. In zagaya tafin ƙafa, in gitta ta kan idon sawu, in kewaye dunduniya, sannan in kama bakin da ɗan guntun filasta. Bayan wasa a wanke, a sake. Ba shi da kyan gani, amma yana riƙe ƙafa.

Na biyu. Bana kuka kafa doka cewa farin filasta kawai za a gani a fili, wai ƙyalle ƙauyanci ne a gaban manyan baƙi. Kuka ce za ku rabo mana filastan. Har yau ko ƙyallinsa ban gani ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. A wasanmu da Kakangi alƙalin wasa ya hangi zanen atamfa saman safar Haruna, ɗan wasanmu na gaba, wanda ya taɓa targaɗe a wannan ƙafar. Ya ce a kwance ƙyallen ko Haruna ya fita. Na roƙe shi, na nuna masa kumburin bara da bai gama sacewa ba, ya ce umarninku ne. Haruna ya ƙi fita, da hannuna na kwance masa. Ba a je hutun rabin lokaci ba ƙafar ta gurɗe. Manyan baƙinku kuwa suna ƙarƙashin rumfa suna shan lemo.

Ranka ya daɗe, a wurinku an rasa ɗan wasa ne. Haruna manomi ne, gonarsa a bakin daji take, yana da mata da 'ya'ya biyu. Kai ma ka san yadda muke noma yanzu: hannu a fartanya, kunne a daji, da an ji ƙarar baburan 'yan bindiga kowa ƙafarsa ce ke fisshe shi. Masararsa ta bushe tana jiran girbi, shi kuwa da sanda yake zuwa masallaci. Mai ɗori ya ce ya zauna, Haruna ya ce zama ba zai ciyar da gidansa ba. Jibi zai shiga gonar.

Ina roƙon ku janye dokar nan, ko ku kawo filastan kafin ku hana ƙyallen. Ku kuma turo motar da za a kai Haruna asibiti a ɗauki hoton ƙafar.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka da iyalinka, Ya sa kada ka taɓa bukatar gudu ƙafa ta ƙi. Mahaifiyar Haruna ta tambaye ni wa zai goya shi idan aka biyo su gona. Ni na kwance ƙyallen, na kasa kallon idonta. Ku kuka ba da umarnin, ku zo ku ba ta amsa.

Wassalam.

Malam Isiyaku mai naɗin ƙafa,
Kutemeshi.