Baƙin Layin da Kuka Ja a Idon Yayana

Zuwa ga Mai Girma Farfesa, jagoran likitocin jami'a da suka yi binciken ƙiba da ciwon sukari a kamfanonin Challawa, Sharaɗa da Bompai, tare da abokan aikinsa na jami'ar Turai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ɗalibai. Na ji an ƙara muku girma, har an ce sunanku ya shiga littattafan ƙasar waje. Allah ya sanya alheri. Ni ne Inuwa, mai sikeli a wani kamfanin fata da ke Challawa, wanda kuka riƙa kira abokin aikinku a makon da kuke bukatar bakina. Sau uku ina taka keke zuwa ofishinku, sau uku masinja yana ce mini kuna Turai wajen taro. Tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, na biyo ta jarida, don na lura ku mutane ne masu son abu a rubuce.

Na ɗaya. Shekara biyu ke nan, bayan ɗaukewar ruwa, kuka shigo kamfaninmu cikin Landirova, ku da wani Baturen likita da ɗalibai masu fararen riguna. Leburori suka ƙi matsowa, don an yi ta raɗe-raɗin jinin mutane kuke kaiwa waje ku sayar. Manaja ya nuna muku ni, saboda kafin in kama sikeli na yi dillanci a kasuwa, na san yadda ake sa mai tsoro ya miƙo hannu. Na tambaye ku me zan gaya musu, kuka ce abu biyu: duk wanda aka samu da ciwo za a sanar da shi a kuma yi masa magani, sannan abin da aka gani sirri ne tsakanin likita da mai jiki. Haka na hau kan buhun gishiri na faɗa. Don su yarda, na jawo yayana Malam Habu, shugaban leburori, uwa ɗaya uba ɗaya da ni, na sa shi a gaban layi. A dillancina na sayar da jaki mai ɗingishi, na sayar da agogon da ba ya tafiya sai an girgiza shi, amma ban taɓa sayar da hajar banza irin alkawarinku ba, kuma ɗan'uwana na sayar wa.

Na biyu. Yaya Habu mutum ne mai jiki, kuma a wurinmu wannan ba abin kunya ba ne, kwarjini ne. In ya tsaya a ƙofar ɗakin jiƙa fata, ba sai ya ɗaga murya ba. Da ya hau ɗan sikelinku na ɗakin wanka, allurar ta zagaye ta maƙale. Maimakon ku haƙura, sai kuka ce a kai shi kan sikelina, inda ake auna ɗanyar fatar shanu. Aka tuɓe masa riga a gaban yaran da yake ba umarni, aka zagaya cikinsa da tef irin na tela, Baturen ya ɗauki hoto gaba da gefe, ɗalibanku suna rufe baki da takarda. Ni na karanta lambar da bakina. Ba zan maimaita ta a nan ba, don ina da sauran kunya. Abin da kawai zan ce, ranku ya daɗe, a ranar na ga tumbi biyu a ɗakin, ɗaya aka auna. Ɗayan yana cikin kwat ɗinku. In da kura na maganin zawo, da ta yi wa kanta.

Na uku. Kuka tafi, shiru. Yaya ya fara shan ruwa kamar raƙumin da ya fito daga sahara. Muka ce zafin ɗakin aiki ne da gishiri. Saboda tausayi muke saya masa lemon kwalba, matarsa tana dama masa fura da sukari cokali uku don ya ji ƙarfi. Da hannunmu muke ba shi, Farfesa, alhali amsar tana kwance a durowarku. Amma kada in zalunce ku, akwai wanda kuka sanar. Kun aika wa manaja jerin sunayen masu ciwon tare da takardar godiya. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, kamfani yana neman wanda zai rage, sunan Yaya Habu ne na farko. Akawun ofis ya gaya mini an ja masa jan layi tun tuni. Manaja ya san abin da ke cikin jinin yayana shekara guda kafin mai jinin ya sani.

Na huɗu, kuma a nan nake so ku gyara tabarau. Kun san yadda muka samu sakamakon? A wajen mai tsire. Masinjojinku suna sayar da tsofaffin takardu ga masu naɗe kaya, ba laifinsu ba ne, su ma suna da ciki. Ranar wata Asabar wani direba ya sayi tsire a bakin get ɗinmu, ya buɗe, sai ga Yaya Habu ba riga, ƙuli-ƙuli a kafaɗarsa. Kun ja masa baƙin layi a kan idanu, wai don kada a gane shi. Wannan dabarar Baturenku ce, na yi masa uzuri, a garinsu da ido ake gane mutum. Amma ku fa? Ku da aka haifa a ƙasar nan, wataƙila wanzami ɗaya ya yi mana aski? Kun rufe ido kun bar bille a kumatun hagu, kun bar tsage uku-uku a gefen baki, kun bar tabon ƙaho a jere a kan haƙarƙari. Ko makahon da ke bara a mahaɗar Zawaciki in ya shafa zai ce Habu ne. Na yi aji bakwai, Turancina ya isa in karanta abin da ke ƙarƙashin hoton: lamba goma sha bakwai, ciwon sukari mai tsanani. Kafin sati takardar ta zaga Sharaɗa ta kai Bompai a aljihun direbobi. Yanzu mutumin da ake durƙusa wa, yara suna kiransa Sha Bakwai.

Na biyar. Muna cikin wannan, takalmin roba ya goge masa ɗan yatsa. Ɗan ƙaramin ciwo, wanda ba a ko ɗaure wa. Ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya hau. A asibiti wani matashin likita ya tambaye ni tun yaushe muka san yana da sukari. Na zaro takardar tsiren na miƙa masa, da maiƙonta da komai. Ya karanta ta tun daga sama har ƙasa. Washegari aka yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa.

Yanzu babban yatsan ta hagu ya fara sauya launi. Likitan ya ce sai an dage da allurar sukari kullum da kulawar ƙwararre, in ana so a tsira da ita. Mutumin da ba shi da aiki, ina zai samo wannan? Ku kuwa ƙwararre ne, takarda ta shaida, kuma da cikin yayana aka rubuta takardar. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saboda haka ga bukatuna, ba su da yawa. Ku cika alkawarin magani a kan ƙafar da ta rage, a wannan watan, ba sai kun dawo daga wani taron ba. Ku dawo mana da fim ɗin hoton, har wanda ke wajen Baturen, mu ƙona da hannunmu. Sauran mutanen da ke cikin jerin nan kuma, ku zo bakin get ku kira su ɗaya bayan ɗaya ku gaya musu, kafin su karanta a cikin ƙosai.

Akwai kuma albishir, don kada a ce ban kawo wa ilimi gudummawa ba. A ƙarshen takardar taku kun ba da shawara mai wannan lamba ya rage nauyi. Ya rage, ranku ya daɗe. Ku zo ku auna ku rubuta, ku aika wa abokanku na Turai, wataƙila a ƙara muku wani girman. Yana kwance a zauren gidanmu, ba ya zuwa ko'ina.

Ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya bar ku a kan ƙafafunku biyu. Ranar da kuma kuka kwanta a gaban likita, Allah ya haɗa ku da wanda zai gaya muku abin da ya gani, ba wanda kuka koyar ba.

In kun zo da wuri, sikelina yana nan. In kun ƙara jinkiri, ba sai kun neme ni ba, ɗan ƙaramin naku ma zai ɗauke shi.

Wassalam.

Naku abokin aiki,
Inuwa Mai Sikeli, Challawa, Kano.