Ni Na Sa Aka Bar Ƙuduji A Gonar Baba Ilu

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, Allah ya sa na same ku lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, duk zagin da zai yi na riga na yi wa kaina har na gaji. Shawara nake nema.

Ni malami ne a wata jami'a, sashen noma. Ina zaune a Bacirawa da iyalina, amma asalina wani ƙauye ne a gefen Zakirai. Wanda bai san aikinmu ba zai ɗauka shiga aji ne kawai. Ina! Komai iya koyarwarka ba za ka matsa gaba ba sai ka yi bincike, ka rubuta maƙala, mujallar ilimi ta buga. Su kuma ba sa bugawa sai edita ya cire sunanka ya tura wa wasu masana su tantance. Kai ba ka san su ba, su ma a ƙa'ida ba su san ka ba, su ne za su ce a buga, ko a gyara, ko a yi watsi da ita. Ni kam na sha watsi har na ƙoshi. Shekara da shekaru ina matsayi ɗaya, yaran da na koyar sun zo sun wuce ni, yanzu ni nake fara gaishe su a baranda. Ina da wata maƙala a kan ƙuduji, ciyawar nan da wasu ke ce wa wuta-wuta, mai shanye gero tun daga saiwa. Babu inda ban kai ta ba, ko'ina sai ta yi kwantai. Wannan ya ce Turancina, wancan ya ce lissafina, wani ya ce ba ta zo da sabon abu ba. Har ta kai in na ga saƙon mujalla a wayata sai in kife ta, in daɗe ban buɗe ba.

Akwai wani yaro ɗan ƙauyenmu, Sabi'u, da ke digiri na uku a wata jami'ar daban. Yaya yake ce mini. Ni na ja shi zuwa wannan fanni, ni na fara nuna masa yadda ake auna gona. Mahaifinsa, Baba Ilu, aminin mahaifina ne, shi ya yi mini waliyyi ranar aurena saboda namu ya riga ya rasu. Shi ma Sabi'u a kan ƙuduji yake bincike, yana gwada wani tsarin shuka wake a tsakanin kunyoyin gero, kuma a gonar mahaifinsa yake gwajin. Makarantarsu ba ta barin ɗalibi ya kare kundinsa sai mujalla ta karɓi maƙalarsa.

Kafin faɗuwar daminar bana sai wata mujalla ta turo mini maƙala in tantance. Babu suna a kai, amma wa za a ɓoye wa? Ina ganin taswirar na gane gonar Baba Ilu ce, gonar da na sha yin noman gayya a cikinta ina saurayi. Ƙa'ida a fili take: in ka gane mai maƙala, ka gaya wa edita, ya nemi wani. Editan ma ya tambaya a saƙonsa. Na ce ban san kowa ba. Na zauna na karanta, kuma wallahi ba zan ɓoye muku ba, ta fi tawa. Abin da na yi shekaru ina kewaye-kewaye a kai, yaron nan ya faɗe shi a miƙe. Na san in tasa ta fita, tawa ta mutu murus. Na nemi kuskure ban samu ba, sai na ƙirƙiro. A irin wannan gwaji ana ware ɗan fili don kwatanci, a bar shi ba taki, ba wake, kuma ba a cire ƙudujin da ya fito, don a ga bambanci. Sabi'u ya yi damina biyu, wadda ita kowa ke yi, ya ware 'yan kunyoyi a gefe. Sai na rubuta cewa filin kwatancin ya yi kaɗan, a sake gwajin damina guda, a bar rabin gonar. Layi biyu ne kacal. Abin da nake so shi ne ya ɗan tsaya, tawa ta riga fita. Ina rubutawa ban tuna da Baba Ilu ba? Na tuna mana. Kawar da kai na yi.

Ba a jima ba sai ga Sabi'u a gidana da kwamfutarsa, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Ya ce, “Yaya, ka ga abin da wani ya yi mini? Mai tantancewa na farko ya ce a buga, na biyun nan ya ce sai na sake damina.” Ya juyo mini da ita, ina kallon rubutuna. Ya ce, “In rubuta wa edita in nuna masa damina biyu ta isa?” Jama'a, nan ne fa Allah ya buɗe mini ƙofar fita, da na ce masa rubuta, na san editan zai saurare shi, don gaskiya a hannunsa take. Sai na ji bakina yana cewa, “Kada ka soma jayayya da mai tantancewa, Sabi'u. Haka suke. Ka yi abin da ya ce kawai.” Ya ce, “To Yaya, kai ka fi ni sanin su.”

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane nauyin rabin gona ba. Mu ba mu da saura, ba mu da daji. Gona jikin gona take, ɗan layin gamba ne kawai ke raba ka da maƙwabcinka, kuma gado ya yi ta yanka su har sun zama kamar tabarma. Babu mai ara maka ko kunya ɗaya ka yi wasa da ita. Don haka wurin mahaifinsa ya koma. Baba Ilu bai gane dalili ba, amma ya ce, “In karatun yaron nan ya ce a bari, a bari.” Da damina ta yi nisa na je gida ɗaurin aure, na bi ta gonar. Rabi gero ya yi baƙi ƙirin don kyau, rabi kuwa ya tsumbure ya yi rawaya, ƙuduji ya yi fure ya rufe ƙasa. Na tarar da tsohon a tsaye ya goya hannu a baya. Na gaishe shi, ya yi 'yar dariya ya ce, “Dokta, dole nake goya su. In na sake su, da kansu za su tuge abin nan. Tun ina yaro ban taɓa wuce ƙuduji ban sunkuya ba.” Na ce Allah ya ba da lada, Baba.

Abin bai tsaya nan ba. Ƙuduji in ya yi fure ya zubar da iri, iska na kai shi gonar maƙwabci, kuma yana daɗewa a ƙasa shekara da shekaru. Maƙwabtansa suka yi masa magana bai tuge ba, suka kai ƙara wurin mai unguwa. Dattijon da ake kai wa sulhu, shi aka zaunar a gaban yara ana tambayarsa ko ya rasa hankalinsa ne. Akwai wanda suka tashi tare, har yau ba ya amsa sallamarsa. Da kaka ta zo, rabin nan kara kawai aka kwasa, kuma ni da nake koyar da abin na fi kowa sanin cewa ƙasar ba za ta dawo daidai nan kusa ba. Tawa maƙalar kuma fa, wadda na yi duk wannan dominta? An sake yin watsi da ita tun gero bai fitar da kai ba. Ban ci komai ba.

Bayan girbi Sabi'u ya dawo wurina in taya shi rubuta amsa ga masu tantancewa. Muka zauna a falona, ni ina faɗa yana bugawa, ina amsa wa kaina da kaina. Na ce ya fara da cewa muna godiya ga mai tantancewa na biyu bisa wannan shawara mai amfani. Ya ɗago ya ce, “Haba Yaya, har sai na gode masa?” Na ce dole, haka ake yi. Ya girgiza kai ya rubuta. Da zai tafi ya ce in an buga zai sa sunana a wurin godiya, don ba don ni ba da ya daɗe da ajiye karatun. Maiɗakina tana jinsa daga ciki tana sa masa albarka. Ranar ko abinci ban iya ci ba, na ce mata zazzaɓi nake ji.

Yanzu editan ya dawo mini da maƙalar in yanke hukunci. Babu abin gyara a cikinta, daminar nan ta uku ma ƙara mata ƙarfi ta yi. Wa'adin Sabi'u a makaranta zai cika ƙarshen wannan zango. In na ce a buga, ta wuce, ya kare kundinsa, babu wanda zai taɓa sani. Da niyyar hakan na kwana na tashi, har na je ƙauye ranar Juma'ar da ta wuce.

Bayan an sauko masallaci muna zaune a zauren Baba Ilu, da Sabi'u da wasu dattawa, ana hirar amfanin bana. Sai tsohon ya juyo ya ce, “Dokta, kai ka san mutanen nan. Wanda ya ce a bar mini rabin gona, Bature ne?” Na ce ai ba a sanin su, Baba. Ya gyaɗa kai. Ya ce, “To. In Bature ne can a ƙasarsu, bai taɓa ganin ƙuduji ba sai a takarda, na yafe masa duniya da lahira, rashin sani ne. In kuwa ya san abin da ƙuduji ke yi wa gonar talaka, ya sani sarai ya ce a bari, Allah ya isa tsakanina da shi. Ku ce amin.” Kowa ya ce amin. Ni na sunkuyar da kai ina gyara takalmi. Ya ce, “Dokta, ban ji taka ba.” Na ce amin.

Tun da na dawo na kasa taɓa maƙalar. In na gaya wa edita gaskiya, zai soke duk abin da na rubuta ya nemi sabon mai tantancewa, a koma farko, wa'adin yaron ya wuce yana jira, na cuce shi sau biyu ke nan. In na ce a buga na yi shiru, Sabi'u ya tsira, amma da wane ido zan karanta sunana a wurin godiya? In na je na durƙusa gaban Baba Ilu na ce ni ne, zai iya yafe mini, na san halinsa, amma zan ƙwace masa ɗan abin da ya rage yana tinƙaho da shi, cewa yaransa biyu, ni da Sabi'u, sun yi boko kuma suna riƙe da juna. Na gaji da mujallu, na gaji da jira, na gaji da kaina. Matsayin da na yi abin dominsa ko a kyauta aka ba ni yau ba na so. Hakkin tsohon nan nake tsoro, kuma da bakina na ce amin.

Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?