Igiyar Auna Sitiyarin Baba

Zakiru,

Na wuce aiki, ban so in tashe ka ba. Karanta wannan kafin ka tafi unguwar Louis sayen sitiyarin wasan tseren motarka.

Jiya da la'asar ba ka nan, Baba ya sa na tura keken guragunsa gaban talabijin, wurin tsohon sitiyarinka. Ya ɗora hannun nan da bai gama warkewa ba, ya juya sitiyarin, ya ce, "Wannan ai faifai ne. Na gaske zagaye biyu da rabi yake yi." Ƙarfen da ke riƙe da shi sai rawa yake, ga tsawo, nan da nan kafaɗarsa ta gaji.

Don Allah ka haƙura da jan sitiyarin nan da ka ƙwallafa rai a kai. Ka zaɓi mai faɗi, wanda totur da birki suke a hannu, tunda ƙafarsa ba ta takawa. Ƙarfen ya zama mai nauyi, wanda keke zai shiga ƙarƙashinsa. Ga igiya kan tebur, inda na ƙulle nan ne tsayin gwiwarsa. Ka auna a kantin.

Kada ka ce don shi aka saya, ka san halinsa. Ka ce ya koya maka shan kwana.

Shekara talatin yana jan taksi a unguwar Nzeng-Ayong, yau wata takwas rabonsa da tuƙi. Jiya, kafin ya kama wannan na roba, sai da ya karanta addu'ar hawa mota.

Yayarka,
Saadatou