Ƙarfe Ba Ya Cin Baba

Zuru, watan Satumba

Zuwa ga Yayana Gabriel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya aiki, yaya abokan bakin daga? Ina fata ƙafar nan da ke damunka ta saki. Tunda waya ba ta shiga inda aka kai ku, na ba abokin aikinka da ya zo hutu wannan takarda. Na san ba za ka amsa ba, kai da biro ba ku taɓa shiri ba, amma ni dai zan rubuta, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Gida shiru, Yaya. Tun da mijina Philip ya faɗi a fagen daga na dawo ɗakin marigayiya Mama, daga ni sai Baba. Shi ma ba ganinsa nake yi ba. Yana can dajin wajen Ribah da maharbansa suna gadin gonakin mutane, in ya dawo kuma zaure ya cika da masu neman maganin tauri. Ni sai dai in miƙa tuwo in koma ciki.

Ka tuna Aaron, wanda ke riƙe wa Baba jakar layu? Ya rasu. Zazzaɓi ya kama shi a daji, ya yi kamar ya warke, sai zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa. Maharba suka yi ta ɗura masa saiwar rawaya. Ko da aka kawo shi asibitinmu na sha-ka-tafi idanunsa sun zama ɗorawa, yana aman baƙin jini. Ni na ɗebi jininsa aka aika gwaji, sakamako ya dawo: zazzaɓin shawara ne.

An turo mana wani likita ya koya mana aikin rigakafi, kuma bayaninsa ya tsaya mini a rai. Ya ce kusan shekara ɗari ke nan wasu masana suka tare a Legas suna neman asalin cutar, har ta kashe wasu daga cikinsu. An daɗe ana zaton in an gama da sauron gari an gama da ita, sai aka gano tana zaune a jikin birai a daji, sauro na ɗaukowa yana kai wa mutum. Wa zai bi biri da allura? Shi ya sa ba ta ƙarewa, sai dai a bi mutane ɗaya-ɗaya a tare mata ƙofa. Yana magana, ni kuwa ina ganin Baba kwance a gindin kuka, birai na ɓarnar masara a gefensa. Wallahi tsoro nake ji, shi kaɗai ya rage mini a gidan nan.

Allah ya tsare mini kai.

Ƙanwarka,
Monica

Zuru, watan Oktoba

Yayana,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ruwa ya fara janyewa, dawa ta yi kyau bana. Ni kam ba lafiya ba, ba kuma ciwo ba.

Allurar ta iso. Ni da abokiyar aikina Maijidda muka kafa benci a bakin kasuwa da akwatin ƙanƙara. Mata sun fito, yara sun fito, Fasto ya yi sanarwa, Liman ma ya yi. Amma maharban Baba, waɗanda su ne ke kwana inda cutar take, ko mutum ɗaya bai leƙo ba.

Ka san dalili ba sai na faɗa ba. Tun muna yara ake yi wa Baba kirari da Haggai Gagara-Wuƙa, an ce ƙarfe ba ya cinsa. Duk samarin nan a hannunsa suka sha tauri, da shi suke shiga daji gabansu gaɗi. To allura ƙarfe ce. Kowannensu na tsoron ya zauna a benci a gaban kasuwa ta shige shi kamar kabewa. Sun ce sai abin da Baba ya yi. Baba kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Na lallaɓa shi, na roƙe shi. Na ce bai kai shekara sittin ba, yana cikin waɗanda ake yi wa, in ya so in zo har ɗaki in yi masa ba wanda zai sani. Ya ce shi bai taɓa yin abu a ɓoye ba, ba kuwa zai fara da tsufa ba. Nan zuciya ta ɗebe ni, ka dai san bakina. Na ce masa Aaron ma ya sha tauri, yana ina yanzu? Yaya, da ka ga fuskarsa. Tun ranar bai sake cin tuwona ba. Kwanon da na ajiye a rufe nake ɗauke shi a rufe, shi kuwa ya aika a sayo masa ƙosai a titi.

Yanzu wani cikin yaransa ya sake kwantawa, Muntaka, mai aure da goyo. Shekaranjiya na tarar da Baba yana gyaran igiyar baka a tsakar gida, na zauna nesa ina tsince wake, na yi kamar da kaji nake magana. Na ba su labarin da likita ya ba mu, cewa asalin allurar nan daga jinin wani talaka ne a ƙasar Gana. Ya kamu da cutar, kafin ya tashi ya miƙa hannu aka huda shi aka ɗiba, daga jinin nan aka yi ta raino har aka samu abin da nake ɗauke da shi a akwati. Na ce wa kajin ban san ko yana da kirari ba, amma mutanen da suka rayu ta dalilinsa ba su ƙirguwa. Baba bai ɗago kai ba. Ya gama ɗaurinsa ya fita.

Ranar kasuwa mai zuwa za mu rufe, a mayar da sauran allurar. In da kana nan da ka yi masa magana, kai yana jin taka. Ni mace ce, kuma na riga na ɓata rawata da tsalle. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Monica

Zuru, watan Nuwamba

Yaya Gabriel,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata sanyi bai matsa muku ba. Muntaka ya tashi, mun gode Allah, sai dai ya rame ƙwarai.

Baba ya zo. Ranar ƙarshe, kasuwa ta cika maƙil, sai na ji hayaniya ta lafa. Na ɗaga ido na gan shi cikin rigar layunsa, maharbansa na biye. Maijidda, Allah ya saka mata, ta yi maza ta ce a ja zane a kare shi. Ya ce a bar zane, kuma 'yarsa ce za ta yi. Ya zauna a benci ya naɗe hannun riga, ya juya ga yaransa ya ce shi dai maganin ƙarfe ya sha, bai sha na sauro ba.

Na yi wa dubban mutane allura, amma ban taɓa roƙon Allah ya lanƙwasa ta ba sai ranar. Ba ta lanƙwashe ba. Ta shige sumul, da na zare ɗigon jini ya biyo, kowa ya gani. Wani daga rumfar masu nama ya ƙyalƙyale da dariya. Baba bai waiwaya ba, ya danne audugar da yatsa ya tsaya a gefe har aka yi wa na ƙarshensu. Tunda babba ya sha kunyar, ba wanda ya rage da abin jin kunya. Duk sun karɓa.

Na zaci zan yi murna, kuma na yi, don yanzu ina barci. Amma zaure ya mutu, Yaya. Masu neman tauri sun koma wajen wani a Dirin Daji. Yaran da ya tsayar a layi suna gaishe shi a hanya da ladabi, sai dai sun naɗa wani jagora, sun ce Baba ya huta. Yara a unguwa har waƙa suka yi masa, na kore su da muciya. Da can ni kaɗai ke zaman kaɗaici a gidan nan, yanzu mu biyu ne. Ya koma cin tuwona, muna ci tare a tsakar gida. Rigar layun tana rataye a ƙusa, ƙura ta fara hawanta.

Jiya da la'asar yana wanke hannu, bai dube ni ba, ya tambaye ni wai da na soka, nan da nan ta shiga? Na ce ina! Da ƙyar ta shiga, sai da na danna da ƙarfina duka, har wuyan hannuna ya kwana yana ciwo, ban taɓa gamuwa da fata irin tasa ba. Ya ce ai ya ji alama. Ya sa hannu ya ƙara tuwo.

Ban san ko ya yarda ba, ko kuwa shi ma lallaɓa ni yake yi. Abin da nake roƙonka ɗaya ne. In Allah ya kawo ka hutun Kirsimeti, kada ka shigo shiru kamar yadda ka saba. Ka tsaya tun daga bakin zaure ka ɗaga murya ka kira Gagara-Wuƙa, yadda maƙwabta za su ji. In kuma ya ba ka labarin allurar, ka ce ni ma haka na rubuto maka: da ƙyar ta shiga.

Ubangiji ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka mai kewarka,
Monica